Fom Ɗin da Na Sayo wa Auta

Shafi na 23

Sallama gare ku. Na ga saƙonninku duka, har da na masu cewa in daina sa Shiru, yayar Auta, kuka. Ba ni da bakin amsa muku ɗaya bayan ɗaya, ku yi haƙuri. Ga ta nan, ta ci gaba da ba ku labarinta da bakinta.

*

Yau kwana goma sha tara ke nan Baba bai amsa gaisuwata da baki ba. Sai dai ya ɗaga hannu, ko ya ce, "Ke, ɗauke kwanon nan."

Laifina kowa a gidan ya san shi. Lokacin da ake sayar da fom ɗin kwalejin koyon aikin jinya, ƙanwata Auta tana kwance da zazzaɓi, saura kwana biyu a rufe. Baba ya aike ni shagon kwamfuta da takardunta, ya ce a cike mata ta intanet kamar yadda 'yar maƙwabtanmu ta yi. Na je na tarar da samari maƙil har bakin ƙofa, suna ta surutu da dariya. Sau uku ina taka dakalin ina sauka. Ƙarshe na wuce kwalejin da ƙafa, na ga taga da mace a zaune, na sayi fom na takarda a wurinta. Auta ta cike shi da biro a kan gado.

Da sakamako ya fito, 'yar maƙwabta ta ga saƙo a wayarta, an ɗauke ta. Masu fom na takarda kuwa da kansu suke zuwa karɓar amsa. Auta ta ɗauki guntun da aka yage mana daga jikin fom ɗin ta tafi. Ta dawo idonta jawur. Ta ce babu sunanta. Ta ce an faɗa mata na intanet kawai ake dubawa, na takarda a wani ɗaki ake jibge su.

Baba ya yi shekara ashirin da shida yana tura gadon marasa lafiya a asibiti. Babu abokin aikinsa da bai faɗa wa ba cewa wata rana 'yarsa za ta shigo musu da farin kaya, su ce mata ranki ya daɗe. Tun ranar da Auta ta dawo, ya daina zuwa gaishe su.

Da safen nan Gwaggo, yayar Baba, ta shigo ina shara.

"Sannu, mai sayen fom."

"Ina kwana, Gwaggo."

"Lafiya lau, tunda ba ke na aika ba. Wai samari kika ji tsoro? Cizo suke yi?"

Na ci gaba da shara.

"Kin ga abin da ke ƙona min rai ke nan. A yi miki magana ki yi kamar an dasa ki. Yarinya ta ƙare idonta a kan littafi, kin je kin sayo mata fom ɗin 'yan da. Da ma kaza aka aika, ko ba komai za ta yi kuka a ƙofar shagon."

Auta tana zaune a bakin ɗakinmu tana tsefe kai. Ba ta ɗago ba.

Na ajiye tsintsiya, na ɗauki jakata, na tafi shagon ɗinki.

Wajen hantsi uwar ɗakina ta aike ni sayo zare da zif. Ina fita, maimakon in yi dama, sai na yi hagu. Ban shirya ba, ƙafata ce kawai ta ɗauke ni. Duk hanya ina maimaita magana ɗaya a raina don kada ta gudu: don Allah ku fito da fom ɗin ƙanwata daga ɗakin nan, ku duba shi ko sau ɗaya, laifina ne ba nata ba.

Tagar tana nan yadda na bar ta, da ƙarafunanta masu koren fenti. Matar ma ita ce, da gilashinta a kan hanci, tana shan shayi a kofin roba. Mutum biyu ne a gabana. Da suka tafi na matsa, sai maganar da na haddace ta bi iska.

Ta dube ni ta saman gilashi.

"Na gane ki. Ke ce kika tsaya min a nan kusan rabin awa kafin ki ce fom. Yau ma sai na gama shayina za ki yi magana?"

"Anti... don Allah... ɗakin."

"Wane ɗaki?"

"Inda kuke ajiye na takarda. Waɗanda ba a dubawa."

Ta ajiye kofin.

"Wa ya faɗa miki wannan shirmen?"

"An ce... na intanet kawai ake ɗauka."

Ta yi tsaki, ta juya ga wata ma'aikaciya da ke can ciki. "Kin ji ko? Zancen nan ya sake dawowa. Bara cewa suka yi na takarda muke fifitawa, bana kuma na intanet." Ta juyo gare ni, ta ɗago yatsunta goma. "Kalli nan, 'yar nan. Kin ga yadda suka kumbura? Ni ce ɗakin. Duk fom ɗin takarda da ya shigo ta tagar nan, ni nake zama in buga shi a kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya. Da na gama, ya shige cikin na intanet, ko ni ba zan iya raba su ba. Masu zaɓe ba sa ganin takarda. Ko suna ba sa gani. Lamba suke gani da maki, shi ke nan."

"To ba fom ɗin ba ne?"

"Fom hanya ce kawai ta shigowa. Wanda makinsa ya kai an ɗauke shi, wanda bai kai ba sai ya je gida ya ɗora wa fom. Naki ne?"

"Na ƙanwata."

"Ina guntun?"

"Yana wurinta."

"To ba lamba, ba abin da zan iya yi miki."

Na buɗe jaka, na ciro littafin awo na shago. Ranar da na sayi fom ɗin na ji tsoron kada guntun ya faɗi a hanya, sai na kwafe lambar a nan, tsakanin awon kafaɗar wata da tsawon siket ɗinta. Na miƙa mata ta cikin ƙarfe.

Ta yi dariya. "Ƙugu talatin da huɗu. Wannan ce lambar?"

"Ta ƙasa, Anti."

Ta danna kwamfuta. Ta tsaya. Ta gyara gilashi, ta sake kallon littafin, ta sake kallon kwamfutar.

"Kin ce ba a ɗauke ta ba?"

"Eh."

"Yarinyar nan ita ce ta huɗu a duk jerin."

Na riƙe ƙarfen tagar da hannu biyu.

"Anti, ki sake dubawa. Ni ban iya rubutu sosai ba, ƙila na kwafe ba daidai ba."

Ta karanto sunan Auta, da na Baba, da ranar haihuwarta. Babu kuskure ko ɗaya.

"To me ya sa ba a ba ta takardarta ba?"

Ta jawo wani dogon littafi mai baƙin bango, ta lashi yatsa, ta yi ta buɗawa. Sai ta juyo min da shi, ta ɗora farcenta a kan wani layi.

"An karɓa. Yau kwana goma sha tara. Ga sa hannun wanda ya karɓa."

A aji huɗu na bar makaranta, shekarar da Umma ta rasu, don in goyi Auta. Karatuna sai a hankali, ina bi da yatsa. Amma wannan ba sai na karanta ba. Auta bahaguwa ce, rubutunta baya yake kwanciya, kuma layi biyu take ja a ƙarƙashin sunanta. Ni na riƙe hannun nan lokacin da ya fara riƙe fensir.

"Na tuna ta ma," matar ta ce. "Doguwa, mai kama da ke ta wajen ido. A gabana ta buɗe ambulan ɗin. Na ce mata barka, ta kalle ni kamar na zage ta."

Na jingina goshina da ƙarfen tagar.

"Ke, kada ki faɗi min a nan. Saurara da kyau. Gobe ne ranar ƙarshe. Kafin sha biyu na rana ta zo da mahaifinta ko wanda ke riƙonta, su sa hannu cewa ta karɓi gurbin. Sha biyu na bugawa zan kira ta gaba a layi. Akwai yara sama da ɗari da ke jira, iyayensu kullum suna bakin tagar nan."

Na'urar da ke gefenta ta yi ƙara, ta fitar da takarda. Ta buga mata hatimi, ta miƙo min.

"Ga wata. Kuma ki daina yarda da duk abin da aka faɗa miki don kawai mai faɗar ya fi ki baki."

Ban sayi zare ba. Ban koma shago ba.

Na tarar da gidan tsit. Gwaggo ta tafi, Baba ya fita. Auta tana ɗakinmu tana guga a kan tabarma, tana 'yar waƙa a hankali. Na shiga na mayar da ƙofa.

"Yaya? Yau da wuri haka?"

Na ajiye takardar a kan rigar da take gogewa.

Waƙar ta tsaya. Ta kalli hatimin, ba ta taɓa ba. Ƙaurin ƙuna ya fara tashi, ni na sunkuya na ɗage dutsen gugar daga kan hannun rigar.

"A ina kika samo wannan?"

"Inda kika samo taki."

"Kin je can? Ke?"

"Ina take?"

"Yaya, tsaya in..."

"Ina take, Auta?"

Ta kalli katifarmu. Na ɗaga gefen da take kwanciya. Ambulan ɗin yana nan, ya lanƙwashe. Kwana goma sha tara ina kwana a kan katifar nan ina juyi, ina roƙon Allah ya yafe min, ashe amsar tana ƙarƙashin haƙarƙarinta.

"Ke ce ta huɗu," na ce.

"Na sani."

"Babu wani ɗaki."

"Na sani, Yaya."

"Wa ya ce miki na takarda ba a dubawa?"

"A layi na ji wasu suna faɗa. Sai na... sai na riƙe."

"Kika kawo gida."

Ta ja gwiwoyinta ta rungume. Hawaye ya fara zubo mata.

"Ba zan iya ba. Wallahi ba zan iya aikin nan ba. Kin tuna ranar da allurar keke ta shige miki yatsa? Ke kika ji ciwo, ni aka yayyafa wa ruwa. Ranar da Baba ya kai ni asibitinsu yana nuna ni, warin wurin kawai na shaƙa na fita bayan gini na yi amai. Ya ce zan saba. Yaya, ba na sabawa. Jini nake gani a mafarki."

"Sai ki faɗa masa."

"Na faɗa! Ina aji biyar na ce masa lissafi nake so, in koyar. Ya yi dariya ya ce in na sa farin kaya sai in dinga lissafa ƙwayoyi. Na sake faɗa bara, ya yi kwana biyu bai ci abinci ba. Na ɗauka ba za su ɗauke ni ba, shi ke nan kowa ya huta. Har tambaya biyu na bari da gangan a jarrabawar."

"Kika bar biyu, kika zo ta huɗu."

Ta yi wata dariya cikin kuka, ta toshe baki.

Ni ban yi ba.

"Duk na ji. Amma me ya sa ni?"

Ta kawar da kai.

"Kina zaune ɗazu Gwaggo ta ce gara a aiki kaza. Kina tsefe kai. Kina nan ranar da Baba ya ture abincin da na kai masa. Maƙwabta sun daina aiko min da ɗinki, wai kada in sayo musu na takarda. Me ya sa ba ki ce makinki ne bai kai ba? Me ya sa sai fom ɗina?"

"Da na ce maki ne, zai sa in sake baɗi."

"Shi ke nan dalilin?"

"Yaya..."

"Faɗa min."

Ta share hanci da bayan hannu. Ba ta kalle ni ba.

"Na ga ke... ke ai kin saba. In an yi miki faɗa ba kya cewa komai, kwana biyu ya wuce. Ni in Baba ya kalle ni yadda yake kallonki yanzu, mutuwa zan yi."

Na zauna a bakin katifa. Ɗakin namu ƙarami ne, taga ɗaya, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Ban taɓa jin ƙanƙantarsa kamar yau ba.

Na saba.

Ashe haka suke gani. Ashe don ba na magana sun ɗauka ba ya shiga.

"Ba ya wucewa, Auta," na ce. "Ba ya taɓa wucewa. Wuri kawai nake nema masa."

Ta rarrafo ta kama ƙafata.

"Ki yafe min. Don Allah, don darajar Umma. Gobe ne kawai. In sha biyu ta wuce shi ke nan, sun ba wata, wadda take so da gaske. Baba zai huce, na rantse zan dinga ba shi haƙuri a kanki kullum. Kwana ɗaya kawai, Yaya. Ki yi shiru na kwana ɗaya."

"In na yi shiru gobe, na yi shiru har abada. Duk ranar da ya ga mai farin kaya a titi, ni zai tuna."

"In kika faɗa kuma, da kansa zai ja ni gobe ya sa hannu. Shekara uku, Yaya. Bayan nan duk rayuwata. Kuma ba zai sake yarda da ni ba. Ke kika goye ni. Za ki iya?"

Na kalli takardar. Na kalli yarinyar da na yi wa wanka, na yi wa kitso, na raka makaranta ina tsayawa daga bakin ƙofa. In na buɗe baki na tura ta inda take tsoro. In na rufe, na zauna a inda ta ajiye ni.

"Sake min ƙafa."

"Sai kin yi min alkawari."

"Na ce ki sake ni!"

Ban san muryata tana kaiwa haka ba. Ita ma ba ta sani ba, ta sake ni da sauri.

Sai muka ji takun takalmi a tsakar gida.

"Muryar wa nake ji haka?"

Auta ta kai hannu za ta ɗauke takardar. Ta makara. Baba ya turo ƙofar, ya tsaya da hularsa a hannu. Ya kalle ta a ƙasa tana hawaye, ya kalle ni.

"Ke, bai ishe ki ba? Abin da kika yi mata bai isa ba, sai kin zo kina mata tsawa?"

Idonsa ya sauka a kan tabarma. Baba bai yi boko ba, amma tambarin kwalejin nan ya san shi, ya gan shi a aljihun ɗalibai shekara da shekaru. Ya sunkuya a hankali, yana dafe gwiwa, ya ɗauka.

"Daga can ne?"

Auta ta kalli ƙasa.

"Wa ya kawo?"

"Ni ce," na ce.

"Ke? Me kika je yi? Ƙara ɓatawa?" Ya juya takardar, ya shafa hatimin da babban yatsa. Ya miƙa wa Auta. "Tashi, uwata. Share idonki. Karanta min, ki faɗa min da Hausa. Ko me suka ce, na riga na haƙura."

Auta ta miƙe. Ta karɓa da hannu biyu. Ta kalle ni ta saman takardar, irin kallon da take min tana ƙarama in ta fasa abu.

Ta mayar da idonta kan rubutun.

"Sun ce... suna ba da haƙuri, Baba. Sun ce saboda irin fom ɗin da aka cike, ba su samu damar..."

"Baba."

Ya juyo wurina.

Na riƙe bakin katifa.

"Ba haka aka rubuta ba."

Baba ya kalli Auta. Ya kalle ni. Ya sake kallonta, ya daɗe, har ta sunkuyar da kai.

Sai ya zare takardar daga hannunta, ya tako har gabana, ya miƙo min.

"To ke karanta min."